Harhaɗa Python 3.12 a kan CentOS 7: kundin aiki

Litinin, 7 Oktoba 2024

Abin da ake so shi ne Python 3.12 mai cikakken aiki a kan injunan da ke gudanar da CentOS 7.9 (wani rabon Linux), ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya na tsarin ba. Wa'adin CentOS 7 ya ƙare tun 30 ga Yuni, amma injunan suna ɗauke da wata tsohuwar manhaja da ba za ta ƙaura ba sai baɗi, kuma dole sabon aiki na Django 4.2 (tsarin gina manhajojin yanar gizo da Python) ya zauna tare da ita.

Abin da muka tarar a kan injin: GCC 4.8.5 (kwamfailar C, mai harhaɗa lamba), glibc 2.17 (babban laburaren C na tsarin), OpenSSL 1.0.2k (laburaren ɓoye bayanai), SQLite 3.7.17 (laburaren ma'ajiyar bayanai), sai Python 2.7.5 wanda `yum`, mai girka fakitocin tsarin, ya dogara da shi kacokan. Akwai 3.6.8 a rumbun fakitoci, sai dai Django 4.2 ba ya karɓar ƙasa da 3.8. Uku daga cikin waɗannan sun gaza. Tun daga Python 3.10 ba a karɓar OpenSSL da ke ƙasa da 1.1.1. Tun daga 3.11 ana buƙatar kwamfailar da ta iya C11. SQLite 3.7.17 kuwa ya ishi Python 3.12 da ƙyar, amma Django 4.2 yana neman 3.21 ko sama. Ke nan gini uku ne: OpenSSL, SQLite, sannan Python, kowanne a foldarsa a ƙarƙashin `/opt`.

Yau ne aka fitar da 3.13.0. Ba za mu bi ta kansa ba tukuna, domin fakitoci da yawa ba su gama fitar masa da shiryayyun fayilolinsu ba. Mun tsaya a 3.12.7 na ranar 1 ga wata. Injin gwajin yana da koa 4 da RAM mai GB 8.

Talata, 8 Oktoba

`yum` ya ƙi sauke komai, yana cewa bai iya samun `mirrorlist.centos.org` ba. An rufe wannan adireshi bayan ƙarewar wa'adi, an kwashe fakitocin zuwa `vault.centos.org`. A kowane fayil na `/etc/yum.repos.d/` an toshe layin `mirrorlist=` da alamar `#`, an buɗe `baseurl=` an nufe shi zuwa `vault.centos.org/7.9.2009/`, sannan `yum clean all`.

Da aka girka `centos-release-scl` sai matsalar ta dawo, saboda yana zuwa da nasa fayilolin `.repo` masu nuni ga tsohon adireshin. Su ma sai da aka gyara su da hannu. Daga nan `devtoolset-11` ya sauka, ya kawo GCC 11.2.1 a `/opt/rh/devtoolset-11`. Ba ya maye gurbin tsohon. Sai ka kunna shi a shel ɗin da kake aiki da `source /opt/rh/devtoolset-11/enable`. A duba `gcc --version` duk lokacin da aka buɗe sabon shel.

Fakitocin da mojul-mojul na Python ke buƙata: `zlib-devel bzip2-devel xz-devel libffi-devel readline-devel ncurses-devel gdbm-devel libuuid-devel`. Rashin `libffi-devel` yana kashe `_ctypes`, rashin `xz-devel` yana kashe `_lzma`, kuma ginin ba ya tsayawa saboda su. Zai kai ƙarshe lafiya lau, sai daga baya wani fakiti ya nemi `ctypes` ya rasa.

Laraba, 9 Oktoba

OpenSSL. Akwai 1.1.1 a EPEL, rumbun ƙarin fakitoci, da sunan `openssl11`, kuma cikin tushen Python akwai foldar `Misc/rhel7` mai bayanin yadda za a yi amfani da shi. Mun bar wannan hanya, domin goyon bayan 1.1.1 ya ƙare tun Satumba 2023, shi kuwa reshen 3.0 an tsara goyon bayansa ya kai Satumba 2026. Mun ɗauki 3.0.15.

`./config` ya mutu nan take da `Can't locate IPC/Cmd.pm in @INC`. Perl ɗin CentOS a rarrabe yake zuwa ƙananan fakitoci. `yum install perl-core` ya kawo duk abin da ake nema, har da na gudanar da gwaje-gwaje.

```
./config --prefix=/opt/openssl30 --openssldir=/opt/openssl30/ssl \
  --libdir=lib shared '-Wl,-rpath,$(LIBRPATH)'
make -j4 && make test
make install_sw install_ssldirs
```

Kada a raina `--libdir=lib`. A kan x86_64, OpenSSL 3 yana zuba laburarorinsa a `lib64` in ba a faɗa masa akasin haka ba, shi kuma `configure` na Python, idan aka ba shi `--with-openssl`, a `lib` yake leƙawa. Sai ya ga fayilolin `.h` na 3.0, ya rasa laburaren, ya yanke hukunci cewa OpenSSL ɗin bai cancanta ba. Mutum zai ɓata yini yana zargin sigar OpenSSL, alhali sunan folda ne. Alamun zance guda-guda da ke kewaye da `$(LIBRPATH)` su ma da dalilinsu: suna hana shel fassara shi, su bar wa `make`.

Alhamis, 10 Oktoba

SQLite 3.46.1 daga `sqlite-autoconf-3460100.tar.gz`, `--prefix=/opt/sqlite`. Babu tangarɗa.

Juma'a, 11 Oktoba

Ginin Python na farko, ba tare da wani zaɓi na ƙara sauri ba. Manufar yau a ga ko kowane mojul zai fito. Wannan gini na 'yan mintuna ne, don haka a nan ya kamata a gama kokawa da laburarori. An tantance sa hannun GPG na fayil ɗin tushe kafin a kwance shi.

Python 3.12 ya daina amfani da `setup.py` wajen gina mojul-mojul ɗinsa. `configure` ne ke yanke shawarar komai, galibi ta hanyar `pkg-config`, saboda haka shawarwarin da ke cewa a gyara `setup.py` ba su da amfani a nan. An nuna masa SQLite da `PKG_CONFIG_PATH=/opt/sqlite/lib/pkgconfig`, OpenSSL kuma da `--with-openssl=/opt/openssl30 --with-openssl-rpath=auto`.

`configure` ya wuce, ya ce ya sami duka biyun. A ƙarshen `make` ana buga taƙaitaccen lissafi: mojul nawa aka gina, nawa suka rasa kayan aiki, nawa aka gina amma suka ƙi loduwa. `_ssl` da `_hashlib` sun fito. `_tkinter` ya rasa kayan aiki, kuma ba ma buƙatarsa a injin da ba shi da allo. `_sqlite3` ya faɗa rukunin ƙarshe:

```
undefined symbol: sqlite3_trace_v2
```

Ga abin da ke faruwa. A lokacin harhaɗawa, kwamfaila ta karanta `sqlite3.h` na 3.46.1, ta ga akwai `sqlite3_trace_v2`, wanda ya shigo a SQLite 3.14, ta yi amfani da shi. A lokacin lodawa kuwa ba kwamfaila ke aiki ba, `ld.so` ne, mai lodo laburarori idan manhaja za ta tashi, kuma shi bai san da `/opt/sqlite` ba. Mojul ɗin ya ce yana son `libsqlite3.so.0`, `ld.so` ya duba inda ya saba, ya sami `/usr/lib64/libsqlite3.so.0` na 3.7.17, ya miƙa masa. Sunan laburaren SQLite ɗaya ne a tsohon da sabon. `ldd`, mai lissafa laburarorin da fayil zai loda, ya nuna haka ƙarara a kan fayil ɗin mojul.

OpenSSL bai shiga wannan rami ba saboda dalili biyu. Na tsarin sunansa `libssl.so.10`, namu `libssl.so.3`, ba yadda za a yi a ruɗe tsakaninsu. Sannan `--with-openssl-rpath=auto` ya riga ya rubuta hanyar `/opt/openssl30/lib` a cikin `_ssl` kansa.

Hanyoyin gyara uku ne, biyu ba mu yarda da su ba. Sanya `/opt/sqlite/lib` a `/etc/ld.so.conf.d/` yana shafar kowace manhaja a kan injin, har da `yum`, wanda ke karanta bayanan rumbunsa da SQLite. `LD_LIBRARY_PATH` yana aiki a shel ɗinka kawai. `Cron` da `systemd` ba su gan shi ba, kuma duk wani umarni da Python ya kira zai gaje shi. Abin da ya dace shi ne a rubuta hanyar a cikin mojul ɗin:

```
export LIBSQLITE3_CFLAGS="-I/opt/sqlite/include"
export LIBSQLITE3_LIBS="-L/opt/sqlite/lib -lsqlite3 -Wl,-rpath,/opt/sqlite/lib"
```

Bayan `make distclean` da sabon gini, `sqlite3.sqlite_version` ya ba da 3.46.1. Wannan ne ake dubawa, ba `sqlite3.version` ba, wanda lambar mojul ɗin Python ce kawai.

Litinin, 14 Oktoba

An ƙara `--enable-shared`, domin `mod_wsgi` zai lodi Python a cikin Apache, sabar yanar gizo, kuma yana buƙatar `libpython3.12.so.1.0`. Bayan girkawa, `python3.12` ya ƙi tashi, bai ga laburaren nasa ba. Ciwo ɗaya ne da na Juma'a, magani ma ɗaya ne: `LDFLAGS="-Wl,-rpath,/opt/python312/lib"`.

Game da `make install` da `make altinstall`: inda aka bar `--prefix` a `/usr/local`, `altinstall` ake so, don kada ya ƙirƙiri `python3` da `pip3` da za su sha gaban na tsarin. Mu da ke da folda tamu, `install` ba ya cutar da kowa. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne mayar da `/usr/bin/python` zuwa sabon. An rubuta `yum` da Python 2, kuma zai mutu da `SyntaxError` a kan layin `except KeyboardInterrupt, e:`, daga nan ba ka da kayan aikin da za ka gyara ɓarnar da shi.

Talata, 15 Oktoba

`./python -m test -j4`, da asusun da ba `root` ba. Ya wuce, waɗanda aka tsallake na `tkinter` ne da masu buƙatar intanet.

Alhamis, 17 Oktoba

`pip install`, umarnin girka fakitocin Python, yana aiki, amma `urllib.request.urlopen` a kan kowane adireshi na https yana faɗuwa da `CERTIFICATE_VERIFY_FAILED: unable to get local issuer certificate`. `pip` ya ɓoye matsalar ne saboda yana yawo da nasa kundin satifiket. `ssl.get_default_verify_paths()` ya nuna OpenSSL ɗinmu yana neman `/opt/openssl30/ssl/cert.pem`, fayil ɗin da babu shi. OpenSSL ba ya zuwa da satifiket ko ɗaya, masu rarraba tsarin ne ke haɗa su.

```
ln -s /etc/pki/tls/cert.pem /opt/openssl30/ssl/cert.pem
```

Mahaɗi ya fi kwafi, domin duk satifiket na cikin gida da aka ƙara da `update-ca-trust` zai iso ga Python kai tsaye. Wasu suna gina OpenSSL da `--openssldir=/etc/pki/tls` don su huta da wannan mataki. Ba mu so haka ba, saboda sabon zai riƙa karanta `openssl.cnf` da aka rubuta wa 1.0.2, kuma girkawa za ta zuba fayiloli a foldar tsarin.

Litinin, 21 Oktoba

Ginin gaske: `--enable-optimizations --with-lto`. Na farkon yana sa a harhaɗa Python sau biyu. A zagayen farko ana dasa ma'auni a cikin lambar, a gudanar da wani yanki na gwaje-gwajen Python, kowane fayil na C ya bar bayanin hanyoyin da aka fi bi a fayil mai ƙarewa da `.gcda`. A zagaye na biyu GCC ya karanta su ya tsara lambar bisa haka. Matakin tsakiya ba ya rabuwa tsakanin koa-koa, `-j4` ba ya rage masa komai, don haka ginin gaba ɗaya ya haura rabin awa.

Ya kammala ba kuskure, amma zagaye na biyu ya cika da gargaɗi iri ɗaya:

```
warning: '.../Objects/dictobject.gcda' profile count data file not found [-Wmissing-profile]
```

In da a kan wani mojul da gwajin bai taɓa ba ne, da ba abin damuwa ba ne. Amma `dictobject.c` da `ceval.c` su ne zuciyar mai fassarar. Babu gwajin da zai gudana bai ratsa ta kansu ba. Rashin bayanansu na nufin ba a gudanar da laburaren da aka dasa wa ma'auni ba sam. An biya rabin awa, an fito da Python da ba a inganta ba, kuma komai na aiki, babu abin da zai sa a lura in ba a karanta abin da `make` ya buga ba.

Talata, 22 Oktoba

An gano dalili. A lokacin gini, `Makefile` yana kiran `./python` da `LD_LIBRARY_PATH` mai nuni ga foldar ginin, don ya lodi sabon `libpython`. Sai dai `readelf -d python` ya nuna hanyar da muka rubuta ta shiga a matsayin `RPATH`, kuma `ld.so` yana duba `RPATH` kafin `LD_LIBRARY_PATH`. A `/opt/python312/lib` kuwa akwai `libpython3.12.so.1.0` na ranar 14. Shi aka loda, shi ya yi dukan gwaje-gwajen, ga shi ba shi da ma'auni. Da foldar a wofi take, da `ld.so` ya wuce ta ya sami na daidai, shi ya sa wannan matsala ba ta bayyana a ginin farko, sai a na biyu.

Akwai sabon nau'in wannan rubutu, `RUNPATH`, wanda ake dubawa bayan `LD_LIBRARY_PATH`. Wanne `ld` zai rubuta in ba a faɗa masa ba ya danganta da yadda aka gina shi, kuma ya bambanta daga wani rabon Linux zuwa wani, don haka a rubuta zaɓin a fili. Cikakken umarnin yanzu:

```
./configure --prefix=/opt/python312 \
  --enable-shared --enable-optimizations --with-lto \
  --with-openssl=/opt/openssl30 --with-openssl-rpath=auto \
  --enable-loadable-sqlite-extensions \
  --without-static-libpython \
  LDFLAGS="-Wl,--enable-new-dtags,-rpath,/opt/python312/lib"
```

`RUNPATH` yana da nasa hali: ba a gadonsa. Yana aiki ne ga laburarorin da fayil ɗin ya nema da kansa, ba ga waɗanda su laburarorin za su nema ba. Hanyar da aka rubuta a cikin OpenSSL ranar 9 ta rufe mana wannan ƙofa, domin `libssl.so.3` ya san inda `libcrypto.so.3` yake ba sai an nuna masa ba.

`make distclean`, sabon gini, gargaɗin kan `Objects/` da `Python/` ya ɓace. Rubutun ginin zai riƙa tsayawa daga yanzu in bai sami `Python/ceval.gcda` ba bayan matakin gwaji.

Juma'a, 25 Oktoba

Fakitocin aikin a cikin `venv`, keɓaɓɓen muhallin Python. Abubuwa uku.

`pip debug --verbose` ya nuna iyakarmu a shiryayyun fakitoci ita ce tambarin `manylinux_2_17`, wato `manylinux2014`, saboda glibc 2.17. Wannan babu gyara. Glibc ba abin da ake sauyawa ba ne a ƙarƙashin tsari mai aiki. Fakitin da ya fitar da `manylinux_2_28` kaɗai, `pip` zai tsallake shiryayyen ya sauke tushe ya fara harhaɗawa shiru. `--only-binary=:all:` yana fallasa su, sai a yanke shawara: a tsaya a tsohuwar siga, ko a gina sau ɗaya a injin gwaji da `pip wheel` a rarraba.

Na biyu, wani fakiti mai lambar C ya faɗi da `'for' loop initial declarations are only allowed in C99 mode`. Python ya adana sunan kwamfailarsa a matsayin `gcc` kawai, ba tare da hanya ba. A shel ɗin da ba a kunna `devtoolset-11` ba, wannan suna yana kai wa ga 4.8.5, wanda ke ɗaukar lamba a matsayin C90 in ba a faɗa masa ba. Gudanar da Python ba ya buƙatar `devtoolset`, harhaɗa ƙari a kansa ne ke buƙata.

Na uku, tsofaffin rubutunmu biyu suna kiran `distutils` da `imp`, duka an cire su a 3.12, kuma `venv` ya daina girka `setuptools` da kansa. `imp` ya koma `importlib`. Girka `setuptools` yana dawo da `distutils` na wucin gadi, amma mun gyara rubutun.

Litinin, 28 Oktoba

`mod_wsgi` ya ginu a kan sabon `libpython`. Django ya tashi.

Laraba, 30 Oktoba

An kai foldoji ukun injin na biyu a `tar`. Dole su sauka a hanyoyinsu na asali, domin a rubuce suke cikin fayilolin, har da layin farko na `pip3.12`. An bi kowane `.so` da ke `lib-dynload` da `ldd` ana neman `not found`, babu.

Apache ya ƙi lodin `libpython` da `Permission denied`, duk da izinin fayil ɗin daidai yake. SELinux ne, tsarin tsaron da ke aiki da tambarin da ke kan kowane fayil. An kwance `tar` ɗin a foldar gida aka matsar da `mv`, shi kuma `mv` yana tafiya da tambarin inda fayil ya fito. `ls -Z` ya nuna `user_home_t`. `restorecon -R /opt/python312 /opt/openssl30 /opt/sqlite` ya daidaita su. Ba a kashe SELinux ba, kuma babu dalilin kashe shi.

Litinin, 4 Nuwamba

An fara mayar da aikin RPM, nau'in fakitin da `yum` ke girkawa, don `rpm -V` ya iya gaya mana in wani ya taɓa fayil. Abubuwa biyu a fayil ɗin `.spec`. `rpmbuild` yana da matakin da ke bin fayilolin `.py` da Python 2.7 na tsarin, wanda ba ya gane lambar 3.12, an cire `brp-python-bytecompile` daga `__os_install_post`. Na biyun ya fi haɗari: `rpmbuild` yana leƙa laburarori ya rubuta da kansa cewa fakitin yana samar da `libsqlite3.so.0`. Da wannan, `yum` zai iya ɗauka namu ya biya buƙatar manhajojin tsarin, alhali `ld.so` ba zai taɓa kai su `/opt/sqlite` ba. An sa `AutoReqProv: no`, aka rubuta buƙatun da hannu: `libffi`, `zlib`, `bzip2-libs`, `xz-libs`, `readline`, `ncurses-libs`, `gdbm`, `libuuid`.

Kuɗin wannan aiki a lokacin ma'aikata yake, kuma bai ƙare da girkawa ba. Sabuntawar tsaro ta OpenSSL da SQLite da Python ta dawo wuyanmu. A cikin reshen 3.0 ana iya maye gurbin laburaren OpenSSL a sake kunna Apache ba tare da an sake gina Python ba, shi ya sa kowanne zai zama RPM daban. Fakitocin `ca-certificates` da `tzdata` na tsarin su ma sun daina samun sabuntawa. `zoneinfo` yana fara duba `/usr/share/zoneinfo`, don haka girka `tzdata` ta `pip` ba ya isa sai an sa `PYTHONTZPATH` a wofi.

Mataki na gaba: rubutu ɗaya da zai yi ginin uku daga injin da ba a taɓa girka komai a kansa ba, tare da binciken `.gcda` da na `ldd` a ciki. Za a gwada shi da 3.12.8 da ake sa ran fitowarsa a Disamba. Ginin da za a rarraba zai ɗauki `--disable-test-modules` don rage girma. Ba a tabbatar ba tukuna ko ya fi kyau a bar foldar gwaji har a gama matakin aunawa sannan a share ta, tunda wannan mataki da ita yake aiki.